Yadda Ake Rubuta Tarihin Tsohon Sojan Ruwa da Ya Yi Boko Kuma Ya Yi Kiɗa

Duk wanda ya shiga aikin soja yana ɗan shekara ashirin a 1967, lokacin da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke, yanzu yana bakin shekara tamanin, kuma waɗanda suka rage a Katsina da Daura daga wannan tsara ba su da yawa. A cikinsu akwai rukunin da ya fi kowane ƙaranci, wato samarin da suka gama sakandare, suka bar ƙasar da ba ta san teku ba, suka tafi Ikko suka shiga rundunar sojojin ruwa, alhali galibin tsararrakinsu sojan ƙasa suka nufa. Idan a gidanku akwai irin wannan dattijo, musamman idan an san shi da kiɗa ko busa a ƙuruciyarsa, to rubuta tarihinsa nauyi ne da ya rataya a wuyan 'ya'ya da jikoki. Aikin ba ya bukatar digiri ko kuɗi mai yawa, yana dai bukatar haƙuri, da waya mai ɗaukar murya, da sanin ta inda ake fara magana da babba.

Kada ka tunkare shi da waya a hannu. Ka fara zuwa gaisuwa kamar yadda ka saba, ka durƙusa, sai hira ta yi nisa sannan ka ce, "Baba, muna so mu adana labarinka saboda jikoki, in ka yarda." Idan kana jin nauyinsa, ka biyo ta wanda yake jin maganarsa, ko ƙaninsa ne, ko abokin zamansa na ƙofar gida, ko jikar da yake wasa da ita, domin sau da yawa abin da kaka ba zai faɗa wa ɗansa na fari ba saboda kunya yakan faɗa wa jika cikin raha. Ka tabbatar masa tun farko cewa duk inda ya ce a tsaya za a tsaya, kuma babu abin da zai fita waje sai da saninsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi ko bayan la'asar, kuma zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Ka rufe layin wayar don kada kira ya katse ɗaukar, ka nisanta ta daga fanka da janareta, sannan ka faɗi kwanan wata da wurin da kuke kafin ya fara magana.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da yaƙi, saboda shi ne abin da yara suke ɗokin ji. A ganina gara a ajiye shi sai ƙarshe. Ka fara da makaranta, domin nan ne harshen dattijo yake sakuwa: wane ne ya kai shi elementare, hakimi ne ya sa aka ɗauke shi ko mahaifinsa ne ya yarda da kansa, ya haɗa da makarantar allo ko an cire shi daga cikinta, me ake ci a makarantar kwana, wane malami ne yake tsoro. Tun daga nan za ka fara tantancewa. Iyali sukan ce "Baba ya yi Kwalejin Katsina", amma tsohuwar kwalejin, wadda gininta yanzu gidan tarihi ne, ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, saboda haka wanda aka haifa bayan 1940 bai yi karatu a cikinta ba. Mai yiwuwa Sakandaren Lardin Katsina ake nufi, wadda ta zama Kwalejin Gwamnati ta Katsina, inda yaran Daura ma suke zuwa, kamar yadda Muhammadu Buhari ya yi daga 1956 zuwa 1961. Shekarar haihuwa kuwa da wuya a same ta a rubuce, sai a auna ta da abin da kowa ya sani: naɗin Sarkin Katsina Usman Nagogo a 1944, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun mulkin kai a 1960, ko naɗin Sarkin Daura Muhammadu Bashar a 1966. Ka tambaye shi aji nawa yake lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, lissafin zai fito da kansa.

Batun kiɗa shi ne ya fi bukatar lura, kuma shi ne iyalai suka fi binnewa. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an daɗe ana kallon makaɗi da maroƙi a matsayin waɗanda suke ƙasa da malami da ma'aikaci, don haka ɗan boko da ya ɗauki garaya ko jita ya sha surutu a gida. Yau kuma ya zama Alhaji mai sahun gaba a masallaci, ba lallai ne ya so a tuna masa ba. Kada ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yin kiɗa. Ka tambaye shi wa ake saurare a rediyon Kaduna a zamaninsu, ka ambaci Mamman Shata, wanda ɗan ƙasar Katsina ne, ka ga yadda fuskarsa za ta yi, daga nan sai ka gangaro zuwa abin da shi kansa yake kaɗawa. Dole ne ka bambanta abubuwa uku da iyali sukan cakuɗa: kiɗan gargajiya irin su kalangu, gurmi, kukuma ko garaya, kiɗan makaranta da na gidajen rawa na birane, inda ake amfani da jita da kayan busa na Turawa, da kuma badujalar soja, mai begila da ganguna, wadda aiki ce ta hukuma mai horo da albashi. Wanda yake cikin badujalar sojan ruwa rayuwarsa ta bambanta da ta wanda yake aikin injin jirgi da rana, ya kaɗa wa abokansa gurmi da dare don su tuna gida. Ka tambayi wa ya koya masa, ina kayan kiɗan suke yanzu, wace shekara ya daina kuma me ya sa. Idan ya rera wani baiti, ka bar shi ya kai ƙarshe ba tare da ka sa baki ba, domin wataƙila ba zai sake rerawa ba. Idan kuma ya ce ya tuba ba ya son a rubuta, ka girmama maganarsa, amma ka roƙe shi ya bari a ajiye muryar a cikin gida kawai.

Kafin ka shiga batun teku, ka ɗan san tarihin rundunar don ka fahimci abin da yake faɗa. An kafa ta a 1956, kuma a lokacin yaƙi Joseph Akinwale Wey ne shugabanta. Yaƙin ya fara a Yulin 1967 ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970. Babban aikin sojojin ruwa shi ne tsare gaɓar teku don hana shigar da kaya Biyafara, wato yankin Gabas da ya ɓalle daga Najeriya, da kuma ɗaukar sojojin ƙasa su sauke su a gaɓa, kamar yadda aka yi a tsibirin Boni, kusa da Fatakwal, a Yulin 1967 da Kalaba a Oktoban shekarar. Babban jirgin yaƙin ƙasar a lokacin shi ne NNS Nigeria, akwai kuma irin su NNS Ogoja da NNS Lokoja. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata ka warware da wuri: runduna ta uku ta Benjamin Adekunle, wadda ta yi yaƙi a Kalaba da Fatakwal, ta sojan ƙasa ce duk da cewa ta ruwa aka kai ta, kuma mutane da yawa da suka yi yaƙi a cikinta 'ya'yansu suna kiransu sojan ruwa. Launin kakinsa a hoto, da sunan muƙaminsa, da takardar sallamarsa su ne za su raba gardama.

Ka bi tafiyar daki-daki. Yaya ya ji ana ɗaukar soja, wa ya sa masa hannu, mahaifiyarsa ta sani ko ɓoye mata aka yi? Birnin Katsina ba shi da tashar jirgin ƙasa a lokacin, don haka ka tambaya ko ta Kano ya bi ko ta Funtuwa. Ka tambayi ranar da ya fara ganin teku, da yadda ya koyi iyo, da jirin da ke kama sabon shiga, da yadda yake gane alƙibla a jirgin da ke juyawa, da yadda ya yi azumi, da nawa ne albashinsa a fam da sule, tunda naira ba ta zo ba sai 1973. Irin waɗannan tambayoyi su ne ke fito da mutum, sun kuma fi tambayar mutum nawa ya kashe, wadda bai kamata ta fito daga bakinka ba ko kaɗan. Duk lokacin da ya ba da labarin wani artabu, ka tambaye shi cikin ladabi, "Baba, kana wurin ko labari aka ba ku?" Wannan ba ƙaryata shi ba ne, domin bayan shekara hamsin da ɗoriya abin da mutum ya gani da abin da ya ji a bariki sukan haɗu su zama ɗaya. Idan ya yi shiru ko idonsa ya kawo ruwa, ka dakatar da ɗaukar, ka yi addu'a ga waɗanda suka rasu, ka bar sauran sai wata rana. Ka kuma tambaye shi abokan aikinsa 'yan Kudu, waɗanda ya kwana ya tashi da su a jirgi ɗaya, domin a nan ne sau da yawa labarin ya fi daɗi.

Takardu su ne shaidun magana. Ka roƙi a buɗe akwati ko adakar da yake ajiya, ka nemi satifiket ɗin makaranta, takardar sallama, katin fansho, lambobin yabo, wasiƙu, hotuna, da duk wani faifai ko kaset. Ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya a cikin haske, ka mayar da ita inda take, kuma kada ka manna mata leda mai zafi domin tana lalata tsohuwar takarda. Sunayen mutanen da ke cikin hoto ka rubuta su a littafi dabam tun yana iya tunawa. Abin da ba a samu a gida ba a neme shi a waje, a kuma tuna cewa Katsina da Daura suna ƙarƙashin Kaduna har zuwa 1987, don haka ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa (Arewa House, cibiyar binciken tarihi a Kaduna) wurare ne da suka cancanci ziyara, musamman don duba tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiha zai iya haɗa ka da tsararrakinsa, kuma taron tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu dama ce ta ganinsu wuri ɗaya. Lambar aikinsa da bayanan fanshonsa kuwa kada su hau intanet, saboda 'yan damfara. Kada a manta da matarsa da 'yan'uwansa mata, waɗanda suka san yadda aka yi zaman jiran wasiƙa da kuma halin da ya dawo da shi.

Wajen rubutawa, ka fara kwafe maganarsa kamar yadda ta fito, da Katsinancinsa ko Daurancinsa, ba tare da ka gyara ta zuwa Hausar jarida ba. Daga wannan kwafi za ka tsara tarihin bisa shekaru, ka ba makaranta da kiɗa da rayuwarsa bayan sallama gurbin da ya kai na yaƙi, domin yaƙin wata talatin ne kacal a cikin shekara tamanin. Inda maganarsa ta saɓa da takarda, ka kawo duka biyun ka faɗi inda kowace ta fito. Idan ka gama, ka karanta masa da babbar murya a gaban ɗaya daga cikin tsararrakinsa, ka gyara abin da suka gyara, ka cire abin da ya ce a cire. Daga nan sai ka buga kwafi kaɗan ka raba wa gidajen 'ya'yansa, ka ajiye muryoyin a kwamfuta da kuma katin waya guda biyu a gidaje dabam-dabam, sannan, idan ya amince, ka kai kwafi ɗaya hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina.