Yadda ake gina wa janareto mazauni mai rage ƙara da girgiza

Rurin janareto ba ta iska kaɗai yake shigowa ɗaki ba, yana bin daɓe da bango. Shi ya sa gyaran daga ƙasa yake farawa.

1. Zaɓi wuri a waje, nesa da tagogin ɗakin kwana. A fili, in ka ninka tazara, ƙara na raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara).

2. Zuba kankare mai kaurin inci 6, amma kada ya taɓa ginin gida ko katanga. Bar ratar yatsu biyu tsakani, ka cusa roba. Nan magina da yawa ke kuskure: da zarar siminti ya haɗe biyun, sai ka ji gilashin taga na karkarwa cikin dare.

3. A yi ta ba shi ruwa har kwana 7, sannan a sa roba mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa ta janareton. Tsohuwar taya daga wurin mai faci ta wadatar.

4. Kewaye janareton da bulo mai inci 9, ka cika ramukan da yashi. Nauyi ne ke tare ƙara.

5. Lulluɓe bangon ta ciki da ulun dutse (wani abu mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse), wanda ba ya cin wuta. Soson katifa kuwa a guje shi, wuta yake kamawa nan take.

6. Bar ƙofar iska gaba da baya, ka fitar da bututun salansa waje, ya juya wa gida baya. Wannan kam ba abin wasa ba ne, domin gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.