Kwale-kwalen faiba da ya koɗe

'Yan uwa masu kwale-kwalen faiba a bakin kogin Haɗeja, in ka shafa jikinsa hannunka ya yi fari kamar alli, rana ce ta cinye fatar saman, kada ka yi saurin sayen fenti.

Ja shi inuwa, ka wanke da omo. Jiƙa samfefa mai lamba 1000 ka goga a hankali, ruwa na zuba, sannan ka bi da 2000. Fatar nan kaurinta bai fi rabin milimita ba, da ka hango zaren faiba ka dakata, musamman a gefuna. Sai man goge mota na wurin masu fenti, ka murza da tsumma mai laushi taki ɗaya-ɗaya. Ka rufe da kakin mota, in ba haka ba kafin bazara ya sake koɗewa.