Yadda za ka ɗauki saukar jirgin sama irin ta Fireflash da wayarka

A ranar 30 ga Satumba, 1965, aka fara nuna shirin Thunderbirds a talabijin a Ingila, shirin da Gerry Anderson da matarsa Sylvia suka ƙirƙira, wanda 'yan tsana masu zare ne suke fitowa a cikinsa maimakon mutane. Kashi na farko, mai suna Trapped in the Sky, labarin wani jirgin fasinja ne mai amfani da makamashin nukiliya, Fireflash, wanda ya tashi daga Landan zuwa Tokyo, sai aka gano cewa wani mugu ya ɗana bam a wurin tayoyinsa, ta yadda ba zai iya sauka a kansu ba. Ƙungiyar ceto ta iyalan Tracy, jaruman shirin, ta kawo wasu motoci masu faffaɗan baya, suka sheƙa da gudu a kan titin filin jirgi har jirgin ya kwanta a bayansu. Wannan sauka ita ce za mu koyi yadda ake ɗauka, domin dabarar da Derek Meddings, mai kula da dabarun hoto na shirin, da ma'aikatansa suka yi amfani da ita a garin Slough na Ingila ba ta fi ƙarfin mai waya da haƙuri ba.

Matsalar da Meddings ya fuskanta ita ce ɗakin aikinsu bai kai tsawon da ƙaramin jirgi zai yi dogon gudu a ciki ba. Sai ya juya lamarin: jirgin da motocin da kyamara suka tsaya wuri guda, titin kuma aka mayar da shi bel mai zagaya a ƙarƙashinsu, aka yi wani bel ɗin na ciyawar gefe, da wani na sararin sama a baya, kowanne da irin gudunsa. Wannan bambancin gudu shi ne zuciyar aikin, domin duk wanda ya taɓa leƙawa ta tagar mota ya san cewa abin da ke kusa shi ne yake wucewa da sauri, dutsen da ke nesa kuwa da ƙyar yake gusawa.

Ka fara da titin. Ka samo gwangwanaye biyu dogaye masu girma ɗaya, ka huda tsakiyar kowanne, ka zura sanda a ciki, sannan ka kafa sandunan a jikin katako, tsakaninsu kamar mita ɗaya. Ka zagaya su da baƙin yadi mai kauri, ka ɗinke bakinsa sosai har ya zama bel mai ɗamewa, kuma ka goge ɗinkin ya kwanta, domin idan ya yi tudu zai riƙa bayyana a hoto duk zagaye ɗaya, kuma tayar mota za ta riƙa tsalle a kansa. Ka sa katako mai santsi a ƙarƙashin yadin don kada ya lotsa. Ka zana farin layi mai yankewa a tsakiya, saboda shi ne zai nuna wa ido cewa ana gudu. Bel na biyu, wanda zai tsaya a tsaye a baya, a shafa masa shuɗin fenti da gizagizai, kuma a riƙa juya shi a hankali ƙwarai.

Jirgin da motocin na wasan yara sun isa, amma kada ka bar su da ƙyallinsu na shago. Meddings ya shahara da ɓata ƙananan motocinsa da gangan, yana sa musu alamun hayaƙi da tsatsa da ɗigon mai, domin abin da ya yi tsabta fiye da kima shi ne yake tona wa kansa asiri cewa abin wasa ne. Garin gawayi da ɗan buroshi za su yi maka wannan aiki; ka shafa a bakin inji da gefen tayoyi da inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Daga nan ka ɗaure kowace mota ta gaba da zaren kamun kifi siriri zuwa wani ƙusa da ba ya cikin hoto, ta yadda tayoyinta za su riƙa juyawa alhali tana nan inda take. Jirgin kuwa a rataye shi daga sama da zare uku a jikin sanda guda, wadda abokin aikinka zai riƙa saukarwa sannu a hankali. Idan zaren yana walƙiya, ka shafa masa launin abin da ke bayansa.

Inda ya kamata ka fi zuba ido shi ne saurin ɗauka. Ƙaramin abu yana faɗuwa yana girgiza da gaggawa, babban abu kuma yana da nauyin motsi, saboda haka ake ɗaukar ƙananan jirage da hotuna masu yawa a daƙiƙa, sannan a nuna su a gudun da aka saba na hoto 24. Lissafin masu wannan sana'a shi ne, idan abin wasan kashi ɗaya ne cikin 16 na girman na gaskiya, a ninka saurin sau 4 (domin 4 sau 4 shi ne 16), wato hoto 96 a daƙiƙa. Idan kashi ɗaya ne cikin 25, a ninka sau 5, wato 120. Wayoyi da yawa suna da tsarin ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, don haka ka zaɓi wanda ya fi dacewa da girman jirginka. Wannan tsari yana cin haske sosai, kuma hasken wasu ƙwayayen lantarki yakan riƙa ƙyaftawa a cikinsa, shi ya sa na fi son a yi aikin a tsakar gida da hantsi, a inuwa mai haske.

Ka kafa wayar a kan abin da ba ya motsi, idonta daidai da tsayin tayar mota, kamar mutum ne yake tsaye a gefen titin. Ɗauka daga sama tana mayar da komai abin wasa nan take. Ka kulle haske da saitin ido a kan jirgin kafin a fara juya bel. A daidai lokacin da cikin jirgin zai taɓa bayan motocin, wani ya hura ɗan garin alli ko toka ta bututu kusa da tayoyi, domin a hoton da aka rage wa gudu zai tashi kamar hayaƙin birki.

Za ka maimaita sau da yawa, kuma ina ba ka shawarar kada ka goge ɗaukar da ta lalace sai ka kalle ta da kyau. An ruwaito cewa a lokacin ɗaukar wannan kashi ɗaya daga cikin motocin ta ƙwace ta yi karo ba da shiri ba, kuma karon ya yi kyau har aka shigar da shi cikin labarin, inda yunƙurin farko na saukar da Fireflash ya ci tura, aka kawo wata motar aka sake gwadawa. Ƙarar inji da ƙugin tayoyi kuwa a ƙarshe ake ɗora su, bayan ka yanka hoton ka jera shi.