Yadda za ka tayar da tsohuwar motar daji mai tsatsa, ka ƙara mata tsayi da kuɗi kaɗan

Shekara 6 Hilux ɗin kawuna ta yi a gindin dogon yaro bayan gidansa, har kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Ranar da ya ce in ɗauka in zan iya da ita, na ɗauko wani dattijon makanike ya duba. Ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa, sannan ya ce: "Ɗana, wagga mota ba ta mutu ba, kwana takai. Amma kak ka soma da abin da ido ka gani." Ban ji ba. Kuɗina na farko fenti suka tafi. Bayan wata 2 mai walda ya ƙone rabin fentin nan don ya kai ga ruɓar da ke ƙasa. Saboda haka ga aikin a jeren da ya kamata in bi tun farko: daga ƙasa zuwa sama.

Matakin farko, takardu da guduma. Ka nemo lambar shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da motar duka, a jikin ƙarfen, ka goge ta, ka gwada da wadda ke takarda. In ba su zo ɗaya ba, ko babu takardar kwastan, tsaya nan, kada ka zuba ko sisi. In sun dace, kai motar a wanke ƙarƙashinta sarai, a hau da ita kan rami, ka shiga da tocila da ƙaramar guduma.

Ka bi shasin nan taƙi-taƙi kana bugawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ƙal-ƙal. Ruɓaɓɓe kuwa amsa yake yi kamar ka bugi kwali, wani lokaci ma ya zubo maka da ɓawon tsatsa a fuska. Inda ka yi shakka, soka sukudireba da ƙarfi. Wuraren da suka fi ruɓewa su ne inda sifirin ya kama shasi, inda akwatin sitiyari yake ɗaure, saman tankin mai, da ƙarafan da suka gitta tsakanin ɓangarorin biyu.

Sakkwato ba garin tsatsa ba ne, iskarmu busasshiya ce. Duk motar da ka gani ta ci tsatsa a nan, akwai dalili. Ko dai 'yar Beljiyam ce da ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, ko ta daɗe a Legas ko Fatakwal, ko kuma ta yi aikin fadama, laka ta shige cikin shasi ta kwanta da danshinta. Ga kuma takin zamani da fitsarin dabbobi, waɗanda ke cinye bayan akori-kura. Sanin dalilin zai nuna maka inda za ka tsananta bincike. Ta fadama daga ciki take ruɓewa, waje na nan sumul.

Tsatsar da ke sama-sama ba komai ba ce. Huji ɗaya ko biyu ma ana magance su. Amma in shasi ya lanƙwashe, ko ruɓar ta bi shi tsawon kamu biyu a wurin da sifirin ke kamawa, ka haƙura. Sayar da kayan jikinta ɗaya-ɗaya ya fi maka.

Mataki na biyu, kashe tsatsar. Buroshin ƙarfe da injin gurza, sai haƙuri, wannan kai da ƙanenka ma kun isa, ba sai ka biya kowa ba. A kankare har farin ƙarfe ya fito. Inda ya huje, a yanke ruɓaɓɓen gaba ɗaya, a sa sabon ƙarfe mai kaurin na asali, wajen milimita 3 ke nan a yawancin irin waɗannan motoci. Kada ka yarda a lulluɓe ruɓa da faci, a ƙarƙashinsa za ta ci gaba da cinta. Shasi waldar lantarki yake so, ta kabaid a bar wa bodi da salansa. Ƙarfen da za a ɗora don ƙarin ƙarfi a yanka bakinsa a karkace, kada ɗinkin walda ya tsaya tsaye cak daga sama zuwa ƙasa, don a nan tsagewa ke farawa. Kafin a kunna wuta a cire kan batir, in aikin na kusa da tanki a sauke tankin. Kuma kowa ya yi nesa da lambar shasi, kada a gurje ta ko a bi ta da walda.

Daga nan a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, ya bushe, a bi da baƙi. Cikin shasi kuma, ta 'yan ramukan da ke jikinsa, a hura iska a fitar da yashi, a fesa mai. Fila, ƙullun nan da ake shafe bodi da shi kafin fenti, ba ƙarfe ba ce. In mai gyaran bodi ya ɗauko ta zai cike huji a ƙasan mota, riƙe masa hannu.

Na uku, inji da birki. Motar da ta daɗe a ajiye ba a murɗa mata makulli haka nan. A zubar da tsohon man tanki, a canza baƙin mai da filtoci, a juya injin da sifana a ji yana tafiya. In injin dizal ne irin 3L na Hilux ko 1HZ na Land Cruiser, canza bel ɗin taimin ko da ka ga yana ƙyalli, don in ya tsinke injin na tafiya, kuɗin gyaran sai ya ninka na bel sau da yawa. A wanke lagireto, a canza tiyoyinsa. Wanda ya san zafin Afrilu a garin nan, da ke haura digiri 40, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Birki kuwa a zubar da tsohon mansa duka, don yana shan ruwa in ya daɗe, a duba bututan ƙarfe ko tsatsa ta ci su. Sannan a gwada ogziliyari, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, a kan yashi, a tabbata tayoyin gaba suna ja. A kwalta ba a gwada shi.

Kayan gyara ka fara zagayawa J. Allen da Buzaye a nan Sakkwato. Abin da ya gagara a aiko maka daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna. Ƙarfe kamar farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi, ko wili, na hannu ba laifi. Roba, bel da kayan birki, sabo kawai.

Sai yanzu muka zo ga ɗagawa, abin da ya sa da yawa suka fara karatun nan. Ka fara da awo. Tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu, ka rubuta. Sau da yawa za ka tarar motar ba gajeriya ba ce, sifirin ne ya kwanta saboda shekarun ɗaukar buhunan albasa da shinkafa. Tawa baya ya zauna har tana tafiya kamar mai ciwon ƙugu. Mai da sifirin yadda yake kaɗai ya ba ni rabin tsayin da nake nema.

Hanya mafi araha ga sifirin mai falle-falle ita ce a kwance shi, a kankare kowane falle, a maye gurbin wanda ya tsage, a sake lanƙwasa su da guduma ko injin matsi, a ƙara falle ɗaya. A sanyi za a yi. Duk wanda ya ce zai gasa maka sifirin da wuta ya kashe ƙarfinsa ke nan, kafin damina ta fita zai sake kwantawa. A sa sabbin bush, robobin da ke bakin sifirin, da sabbin yubol, ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil. Ana kuma iya tsawaita hannun da ke riƙe wutsiyar sifirin, amma ka sani rabin abin da ka ƙara kawai za ka samu: ka ƙara inci 2, mota ta tashi inci 1. Dungun ƙarfe da wasu ke cusawa tsakanin sifirin da aksil, a gaba kam haramun ne a wurina, birki mai ƙarfi na iya fizge shi.

Land Cruiser 80 da Defender sifirinsu naɗaɗɗe ne, sai dai a sayo mai ɗan tsawo. Pajero ta da da wasu Hilux kuwa sandar ƙarfe mai murɗawa gare su a gaba, noti ake ɗaurewa ta tashi. Wannan kyauta ne, shi ya sa ake wuce gona da iri. Ka tsaya a wajen inci 1, in ba haka ba gaban ya sandare, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba ya riƙa cinyewa.

Iyakata inci 2, wato santimita 5. Da ka haura haka, sai farfela ta fara rawa, sitiyari ya riƙa yawo, kashe kuɗi ya buɗe baki. Ga shi duk tsayin da mota ta ƙara, saurin kifewarta a kwana ya ƙaru, balle an lafta kaya a sama. Ko a inci 2 ɗin, akwai abin da ba a tsallakewa: shokoba mai tsawon da ya dace, da tiyon birki. A ɗaga shasi har tayoyi su rataya, a duba tiyon. In ya miƙe kamar tsirkiya, a sa dogo. Akwai kuma ɗan bawul a baya da ke rage ko ƙara birkin baya gwargwadon nauyin kaya. A ɗaga maƙalinsa daidai da abin da aka ɗaga motar. Duk wannan aikin, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare da gungumen icce mai kauri. Bulo fashewa yake yi.

Abin da masu ɗagawa ba sa son ji: bodi da shasi kawai sifirin yake ɗagawa. Tulun nan na tsakiyar aksil, wanda shi ke fara dukan tudun da ke tsakanin sawun taya a hanyoyin ƙauyukan Wurno da Rabah, yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Lamba 7.50R16 ko 235/85R16 sun wadatar, sirara ne, dogaye, ba su cika wahalar da inji ba. In ta hannu za ka saya, karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Wadda ta haura shekara 6, zafin kwaltarmu ba zai raga mata ba.

A ƙarshe a kai ta a saita ƙafafun gaba, a sunkuyar da fitilu don sun tashi tare da motar. Yi gwajin farko babu kaya, a hankali, kana taka birki kana saurare. Bayan mako ɗaya na zirga-zirga ka koma a sake ɗaure yubol, don sifirin zai zauna, notin ya saki. Nawa sai da kowanne ya ƙara shan rabin zagaye. Fenti kuwa, in kuɗi sun rage, ka bari iskar hunturu ta kwanta tukuna, kada ƙura ta manne a jiki.