Idan hukumar birni za ta sayar da makabarta: abin da iyalai za su yi kafin a sa hannu

Makabarta ta sha bamban da sauran kadarorin hukuma. Kasuwa ko tashar mota, muddin akwai mutane a gari, kuɗi zai ci gaba da shigowa. Ita kuwa makabarta kuɗinta yana da ranar ƙarewa. Ranar da aka haƙa kabari na ƙarshe, daga nan aljihu ya bushe, alhali ciyawa na nan tana tsiro, katanga na tsagewa, mai gadi na jiran albashi. Ni dai duk takardar cinikin makabarta da ta zo hannuna, tambaya ɗaya nake riƙewa daga shafin farko har na ƙarshe: ranar da wurin ya cika, wa zai kula da shi, kuma da wane kuɗi? Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan tambayar ya fito.

Ku fara da sanin me ake sayarwa. Kalmar "sayarwa" da ake ji a bakin mutane tana iya nufin abubuwa uku. Ko dai a miƙa filin kacokan, ko a ba da shi haya na dogon lokaci, ko kuma fili ya zauna a hannun hukuma a ba kamfani kwangilar gudanarwa kawai. A 2014 cocin Katolika na Philadelphia a Amurka ya ba kamfanin StoneMor makabartu 13 na shekara 60, wasu haya wasu kwangilar gudanarwa, bai sayar ba. Na haya yana da ranar dawowa, na kwangila ana iya soke shi idan aka saɓa. Wanda aka sayar kuwa ya tafi. Ku je ofishin sakataren majalisar birni ku nemi daftarin yarjejeniyar da bayanan zaman da aka tattauna maganar, a rubuce, ku riƙe kwafin wasiƙarku da hatimin karɓa. Idan aka ce muku takardar sirri ce, ku sa a ambaci dokar da ta ce haka.

Sai ku duba kayan da aka haɗa a cikin cinikin, don a nan ne aka fi yin aika-aika. Labarin Westminster a Landan ya isa darasi. A 1987, lokacin Shirley Porter na jagorantar majalisar ƙaramar hukumar, aka sayar da makabartu uku, Hanwell da East Finchley da Mill Hill, kowace a kan peni 5, wato 'yan kwabban Ingila. Hujjar ita ce a huta da kuɗin kula da su. To amma a cikin cinikin har da gidajen masu gadi, da wurin ƙona gawa, da fili mai kyau da ba a binne kowa a ciki ba. Aka yi ta sayar da kayan daga hannu zuwa hannu, makabartun suka koma daji, iyalai suka tada jijiyar wuya, mai binciken kuɗi ya ce cinikin ya saɓa doka. A 1992 majalisar ta sake sayen makabartun, amma gine-ginen da filin masu daraja ba su dawo ba. Hukuma ta koma da ɗawainiya, wasu sun tafi da tsoka. Saboda haka idan kun karɓi taswira, kada idonku ya tsaya kan kaburbura. Ku dubi gefen da babu kowa, musamman wanda ke bakin titi, ku tambaya ko takarda ta hana a yanka shi a gina wani abu.

Yanzu ga lissafin da kowa zai iya yi a bayan ambulan. Ku tambayi gurabe nawa suka rage, da mutum nawa ake binnewa a shekara. A ce gurabe 3,000 ne, ana binne 200 duk shekara: shekara 15 ke nan wurin ya cika. Kamfani ya san wannan lissafin tun kafin ya taya. Idan ya karɓa, to yana da hanyar cin riba a cikin shekarun nan, kuma hanyoyin ba su da yawa. Ya ƙara farashi, ya rage ma'aikata, ya matse kaburbura har cikin hanyoyin wucewa, ko ya sayar da filin gefe. Ban ce ɗan kasuwa mugu ba ne don yana neman riba, akwai kamfanonin da ke kula da makabarta fiye da hukumomin da suka gada daga hannunsu. Abin da nake cewa shi ne ku sa shi ya faɗi wacce hanya zai bi, a gaban jama'a, a kuma rubuta.

Maganin ranar cika shi ne asusun amana. A jihohi da yawa na Amurka doka ta wajabta wa kamfanin makabarta ya ware wani kaso na kuɗin kowane gurbi da ya sayar, ya zuba a asusun da ba a taɓa uwar kuɗinsa, ribar kawai ake ci don yanke ciyawa da gyara. Inda gizo ke saƙar shi ne makabartar hukuma sau da yawa ba ta da irin wannan asusu, ko kuma tana da shi a takarda kawai, domin daga kuɗin haraji ake kula da ita. In haka ne, kamfani zai gaji dubban tsoffin kaburbura da ba su da ko sisi a bayansu. Ku nemi a nuna muku takardar banki, kada ku yarda da adadin da aka faɗa da baki. Ku nemi a ce asusun zai zauna a hannun amintattu daban, ba a cikin jakar kamfani ba, ta yadda ko kamfanin ya karye masu bin sa bashi ba za su kai hannu gare shi ba. Kuma idan hukuma za ta karɓi kuɗin ciniki, ni a ganina babu inda ya fi cancanta a zuba wani kaso mai kauri irin wannan asusun.

Akwai aikin da ba sai kun jira kowa ba. Kowane gida ya tono takardunsa: rasit, takardar izinin binnewa, lambar kabari, lambar layi da sashe. Ku karanta abin da aka rubuta da kyau, domin mafi yawan mutane suna zaton ƙasar suka saya, alhali haƙƙin binnewa ne kawai. A Ingila, dokar 1977 da ta shafi makabartun ƙananan hukumomi ta taƙaita wannan haƙƙin zuwa shekara 100 a mafi yawa. A Jamus akan ba da kabari na shekara 20 zuwa 30, sai a sabunta ko a sake amfani da wurin. Ku san naku wane iri ne tun hukuma na riƙe da wurin, don ita ce ta yi muku alkawarin.

Daga nan ku nemi ganin rajistar makabarta da idonku. Wanda bai taɓa buɗe irin wannan littafin ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Babban littafi ne mai bangon kwali da ya saki, shafukan farko da tawada mai kyau da rubutu a tsare, can tsakiya rubutu ya canza hannu, ginshiƙin lambar kabari ya fara zama fayau, wani shafin ruwa ya taɓa shi sunaye sun narke sun zama shuɗin tabo. A fili kuma alamar lamba ta faɗi ko ƙasa ta rufe ta, sai tsohon mai haƙa kabari kaɗai ya san wane ne a ina. In aka sallame shi ranar da kamfani ya karɓi wurin, rabin rajistar ta tafi da shi. Ku matsa a ɗauki hoton kowane shafi, a zagaya da taswira a daidaita littafi da ƙasa, a ajiye kwafi a ma'ajiyar tarihin hukuma kafin a miƙa makulli. Ku ma ku ɗauki hoton kabarinku daga nesa, yadda zai nuna wata alama da ba ta motsi, kamar kusurwar katanga.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A 2009 aka gano cewa wasu ma'aikata a makabartar Burr Oak da ke kusa da Chicago, makabarta mai zaman kanta inda aka binne Emmett Till, yaron nan baƙar fata da aka yi wa kisan wariyar launin fata a 1955, suna tone tsoffin kaburbura suna sake sayar da guraben. Iyalai suka yi tururuwa neman nasu, takardun wurin kuma ba su da tsarin da zai taimaka musu. Sai bayan wannan ne jihar Illinois ta yi sabuwar dokar sa ido kan makabartu a 2010.

Ranar zaman jin ra'ayin jama'a, kada ku je da kuka kawai. Kansiloli sun saba da kuka, za su tausaya su kuma kaɗa ƙuri'a. Ku je da sharuɗɗa a takarda ɗaya, mutum biyu ko uku su raba su a tsakaninsu. Duk gurbin da aka riga aka biya, sabon mai wuri zai mutunta shi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ƙarin farashi ya kasance da iyaka, har da kuɗin haƙa da rufewa, don a nan ake ɓoye ƙarin da ba a gani a allon farashi. Ƙofa ta kasance a buɗe ga masu ziyara kyauta. A ci gaba da binne marasa galihu da waɗanda ba a san danginsu ba, a kuma faɗi wanda zai biya. Mabiya addinan da ke binne mamaci cikin gaggawa, irin su Musulmi da Yahudawa, kada a ce musu ofis ya tashi sai Litinin. Sannan a ɗaure waɗannan sharuɗɗan a jikin takardar filin kanta, don su bi shi duk hannun da ya shiga. Alkawarin da mai saye na farko ya yi da baki ba ya hawa kan na biyu.

Sharaɗin da na fi damuwa da shi shi ne na dawowa: idan kamfani ya saɓa, ko ya karye, ko ya so sayarwa, fili ya koma hannun hukuma tare da asusunsa da rajistarsa, ba sai an je kotu an shekara ba. Birnin Bristol na Ingila ya ga wahalar rashin wannan. Makabartar Arnos Vale tana hannun mai zaman kansa, a 1987 aka ji shirin kwashe kaburbura don yin gini a wani sashe, mutane suka yi ta fafutuka, sai a 2003 hukumar birnin ta iya karɓe wurin da ƙarfin doka.

Idan hukuma ta dage cewa ba za ta iya ɗaukar nauyin ba, ku sa mata hanya ta uku a kan tebur. Makabartar Highgate a Landan, inda kabarin Karl Marx yake, kamfani ne ya buɗe ta a 1839, ta lalace da kuɗi ya ja baya, sai wata ƙungiyar sa kai da aka kafa a 1975 ta karɓi kula da ita. Wannan hanya tana da nata nauyin. Highgate tana samun kuɗi daga masu yawon buɗe ido, abin da yawancin makabartu ba su da shi, kuma masu sa kai suna tsufa suna gajiya. In za ku bi ta, ku yi rajistar ƙungiya, ku nemi hukuma ta riƙe mallakar fili ta kuma rubuta adadin tallafin da za ta riƙa bayarwa duk shekara, ku kuma ɗauki lauya ya karanta muku takardar kafin wani a cikinku ya sa hannu.