Sabon ciwon baya: yadda ake gyaran hannu da abin da za ka yi a gida

Ciwon ƙugun da bai kai mako 6 ba, irin wanda ke kama ɗan dako a Dawanau ko direban Adaidaita Sahu, galibi tsoka ce ta ɗaure, ba ƙashi ne ya goce ba.

Kafin kowa ya taɓa maka baya, duba waɗannan: fitsari ko bayan gida na kufce maka, ko fitsari ya ƙi fita, tsakanin cinyoyi ya dena ji, ƙafa na mutuwa, zazzaɓi da rama, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari. Ɗaya daga ciki ya isa ka wuce Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano a ranar. Tarin fuka na cin ƙashin baya, kuma murɗa irin wannan bayan na iya shanye ƙafa.

Gyaran hannu da ake kira ostiyofati, Andrew Taylor Still ne ya assasa shi a Amurka a 1874. A Kano likitocin gashin ƙashi (fisiyo) ne ke yin makamancinsa. Za a sa ka sunkuya, ka karkata, a ɗaga ƙafarka kana kwance. Daga nan sai tausa, miƙar da tsoka, da motsa gaɓoɓin baya sannu a hankali. Wani lokaci a yi ɗan turi mai sauri, ka ji ƙas. Iska ce a cikin gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, don haka kada ka auna ƙwarewa da ƙara. Tsamin jiki na kwana 1 zuwa 2 bayan zaman gyaran ba abin tsoro ba ne. In an yi zama 4 babu sauƙi, a sake bincike.

Mafi yawan aikin yana gida. Kwanciya ita ke ƙara sandarar da baya. Tashi ka taka minti 10, sau 3 ko 4 a yini. Gasa wurin da tawul mai ɗumi minti 15 zuwa 20. Wajen barci kwanta ta gefe, filo tsakanin gwiwoyi. In ruku'u ya gagara, yi salla a zaune.

Don rage ciwo, sha ibuprofen 400mg bayan cin abinci, kada ya wuce sau 3 a yini. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Haɗin kemis kuwa a guje shi, domin shan ibuprofen tare da diclofenac na iya fasa gyambo a ciki.