Yadda Nake Koya wa Yaran Firamare Sa Waƙafi a Jeren Abubuwa

Roƙon da nake yi wa malamai 'yan'uwana da iyaye masu duba aikin gida shi ne, don Allah a daina ce wa yaro "sa waƙafi a inda ka numfasa". Yaron da bai daɗe da fara karatu ba kusan bayan kowace kalma yake tsayawa, don har yanzu haɗa baƙi yake yi. In ya bi wannan umarni, sai ka buɗe littafinsa ka tarar da waƙafi birjik, har a tsakanin "na" da "tafi". Shi kuwa wanda bakinsa ya faɗa, mai karatu da gudu, ba zai sa ko ɗaya ba. A cikin jere, aikin waƙafi shi ne raba wannan abu da wancan. Saboda haka da ƙirga ake farawa.

Ni ba na soma wannan darasi da rubutu a allo. Nakan jera abubuwa huɗu a kan tebur, inda kowa zai gani: littafi, biro, fensir, rula. Sai in tambaya, "Abubuwa nawa ne?" Ajin ya amsa, huɗu. Sai in ce, "To gurabe nawa ne a tsakaninsu?" Nan take yawancinsu za su sake cewa huɗu. Ba na gyara musu. Nakan kira ɗaya in ba shi gutsattsarin alli, in ce ya ajiye guda a kowane gurbi, yana ƙirgawa da ƙarfi. Uku za su ishe shi. A ƙara abu ɗaya, gurabe su zama huɗu. A kwashe har a bar biyu, gurbi ya koma ɗaya. Da kansu za su gano cewa kullum gurabe suna kasa abubuwa da ɗaya, kuma babu gurbi kafin abu na farko ko bayan na ƙarshe. Wannan kaɗai yana maganin kurakurai biyu da na fi gani a littattafan yara: waƙafi kafin a fara jere, kamar "Na ga, kare, kyanwa", da waƙafin da ake liƙa wa abu na ƙarshe kafin aya.

Daga nan sai in sa wani ya faɗi abin da ke kan tebur da bakinsa. Abin da zai fito shi ne: "Malam ya ɗora littafi da biro da fensir da rula a kan tebur." In rubuta a allo yadda ya faɗa, in ja layi a ƙarƙashin kowace "da". Guda uku ne, daidai da allin da aka ajiye. Wato tun kafin yaro ya san wani abu wai shi waƙafi, harshensa ya riga ya ba shi abin cike gurbi. Wannan jimla daidai take, ba ta bukatar waƙafi ko ɗaya, kuma duk malamin da ya sa mata jan biro ya zalunci yaro.

Sannan ne nake goge "da" ta farko da ta biyu, in sa waƙafi a madadinsu, in bar ta ƙarshe: "littafi, biro, fensir da rula". Haka ake yawan gani yanzu a jaridu da shafukan labarai, don haka dole yaro ya san shi. Dokar da nake ba su gajeriya ce: kowane gurbi sai an cike shi, ko da "da" ko da waƙafi. Haka abin yake in jeren zaɓi ne, inda "ko" take tsayawa a gurbin: "Kana son biro ko fensir ko alli?" A ganina dai, in abubuwan kalma guda-guda ne kuma ba su wuce uku ko huɗu ba, maimaita "da" ya fi daɗin ji, don shi ne yadda muke magana. In kuwa jeren ya yi tsawo, kamar kwanakin mako bakwai ko watanni goma sha biyu, waƙafi ya fi sauƙi ga ido.

Inda waƙafi ya zama tilas a Hausa shi ne jeren ayyuka, kuma a nan nake ɓata mafi yawan lokacina. "Da" tana haɗa suna da suna, amma ba ta haɗa aiki da aiki. Ba wanda zai ce "ya tashi da ya wanke fuska da ya tafi" yana nufin ayyukan da suka biyo juna. Abin da muke cewa shi ne: "Ya tashi, ya wanke fuska, ya sa riga, ya ɗauki jaka, ya tafi makaranta." A baki, murya ce take rabawa. A takarda, in babu waƙafi, babu mai rabawa.

Wahalar da yara ke sha a nan ita ce abu ɗaya ya zama kalma biyu ko uku. Wanda ya saba da "biro, fensir" sai ya ɗauka kowace kalma ana bin ta da waƙafi, ya rubuta "ya, wanke, fuska". Maganinsa kwaikwayo. A fito da yaro gaban aji, a raɗa masa ayyuka huɗu ya yi ba tare da magana ba: ya buɗe ƙofa, ya leƙa waje, ya rufe, ya koma wurin zamansa. Sauran suna ɗaga yatsa ɗaya duk lokacin da ya soma sabon aiki. In ya gama, yatsu huɗu ne a sama, gurabe uku ke nan, waƙafi uku. Da an rubuta, sai a nuna musu cewa kowane sabon aiki da "ya" ko "ta" ko "suka" yake farawa, kuma waƙafin yana zama ne dab kafin wannan 'yar kalma. In aka sa "sannan" kafin aiki na ƙarshe, waƙafin yana nan a gabanta, ba ta kore shi ba. Ayyuka biyu da suka manne wa juna, irin "ya tashi ya tafi", ba na matsa wa yara su raba su. Daga uku ne nake sa ido.

Siffofi ba sa cin lokaci. In sun biyo bayan suna, a raba su: "Yaro ne dogo, siriri, mai yawan dariya." In sun zo gaban suna da ɗafinsu na -n ko -r, kamar "babban farin doki", ba a sa komai, don ɗafin ya riga ya ɗaure su.

Ga 'yan aji huɗu zuwa sama akwai darasin da yake sa su gane cewa alamar nan ba ado ba ce. Rubuta wannan a allo: "An ɗinka wa ƙungiyoyi riguna ja da fari da kore da baƙi da shuɗi da rawaya." Ka tambaya ƙungiyoyi nawa ne. Wani zai ce shida, wani ya ce uku, a yi ta gardama, kuma ba wanda za a ce ya yi ƙarya, don "da" ɗin cikin abu da "da" ɗin tsakanin abubuwa sun cakuɗe. Sai ka sake rubutawa: "ja da fari, kore da baƙi, shuɗi da rawaya". Gardama ta ƙare, uku ne. In abin da ake jerawa yana ɗauke da "da" a cikinsa, waƙafi kaɗai ke iya nuna iyaka.

Haka nan wannan: "Yayana, malamin lissafi, ya zo." Mutum ɗaya ne, ana ƙarin bayani a kansa. Amma "Yayana, malamin lissafi da direba sun zo" jere ne. A nan Hausa tana taimaka mana, don "ya" da "sun" suna tona yawan mutanen. Nakan ce wa yara in sun rikice su duba wannan kalma tukuna.

Da yake yaran nan su ne dai za su shiga darasin Turanci, gara a faɗa musu bambancin ƙarara. Turanci ba ya maimaita kalmar haɗi yadda muke yi. Sau ɗaya take zuwa, kafin abu na ƙarshe, sauran gurabe duk waƙafi ne. Shi ya sa ake koyar da abin da wuri a can: manhajar firamare ta Ingila ta 2014 ta sa shi a aji biyu, ga 'yan shekara 6 zuwa 7. Su kansu masu harshen ba su daidaita ba a kan ko za a ƙara waƙafi kafin kalmar haɗin ta ƙarshe. Wannan shi ake kira waƙafin Oxford, saboda maɗaba'ar jami'ar Oxford ta riƙe shi a ƙa'idar rubutunta; masu buga littattafai da yawa a Amurka suna sa shi, jaridu da yawa kuma ba sa sawa. Har kotu maganar ta kai. Direbobin wani kamfanin madara a jihar Maine ta Amurka sun yi ƙara kan kuɗin ƙarin lokacin aiki, don dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biya wa wannan kuɗi amma babu waƙafi kafin na ƙarshe. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jimlar tana da harshen damo, ta ba direbobin gaskiya, a 2018 kuma kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 5. 'Yan aji shida suna son wannan labari. Ga ƙanana, abin da nake cewa kawai shi ne su bi salon littafin da ake koyarwa da shi, kada su sa yau su cire gobe.

Kada a raina siffar alamar kanta. Wannan ɗigo mai wutsiya da muke amfani da shi ya samu gindin zama ne ta hannun Aldus Manutius, mai buga littattafai a Italiya a shekarun 1490. Yana zama a kan layi, wutsiyarsa ta sauka ƙasa. Yaran da suka saba da rubutun Larabci sukan juya shi, don waƙafin Larabci wutsiyarsa sama take kallo. Wasu kuma su ɗaga shi sama ya koma irin alamar da ke cikin 'ya'ya da sa'a. Layi biyu na atisaye sun isa su gyara hannu. A liƙa shi jikin kalmar da ta gabata, a bar fili bayansa. Wannan fili yana da muhimmanci musamman a lambobi: "12, 500" lambobi biyu ne, "12,500" kuwa lamba ɗaya ce.

Wajen duba aiki, ba na cike wa yaro waƙafin da ya manta. Nakan sa ɗigo a gefen layin, in rubuta masa tambaya: abubuwa nawa ka jera? In ya ƙirga ya samu biyar, ya san gurabe huɗu zai nema, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga wanda ya bari fayau. In kuma aka zo shifta, kada malami ya riƙa furta "waƙafi" yana karantawa. A karanta jimlar yadda ake magana, sau biyu, a bar su su ƙirga a yatsunsu kafin su ɗauki biro.